Akwatin da Ba a Buɗewa

"Inna, don Allah wa ya jibge mini wannan a kan gado?"

Adawiyya na tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, jakar aiki a kafaɗa, ko takalmi ba ta cire ba. Gadon da ta bari a gyare da safe ya koma kamar teburin mai kayan miya a kasuwar Roxy. Ga ƙullin kuka, ga daddawa an ninka mata leda saboda wari, ga busasshiyar kuɓewa, ga kwalbar man shanu an naɗe bakinta da tsumma, ga wasu ƙunshe-ƙunshe da aka ɗaure da salatif har ba a gane kansu da gindinsu. Kowanne da suna da lambar waya a jikinsa. Har da wanda aka rubuta wa Milano, alhali ita Beljik za ta.

Mahaifiyarta Hajjo tana zaune a gefen gadon tana ƙara ɗaure bakin wata leda da haƙori.

"Saƙon mutane ne. Mi kike so in ce musu?"

A unguwarmu ta Adjamé Saint-Michel, a nan Abidjan, biza ba ta mutum ɗaya ba ce. Ranar da aka buga wa ɗanka ita a fasfo, ranar kowa zai tuna yana da ɗan'uwa a Turai, ko da gaisuwar salla ba ta haɗa su. Iyayenmu sun zo daga Adar da Gobir suna aika wa gida ta hannun matafiya, mu ma a haka muka tashi. Saƙo ba a ƙinsa, ba a buɗe shi, ba a tambayar abin da ke ciki. In ka tambaya, ka zagi mai shi. Shi kuwa matafiyi, ko bayansa zai karye, abin da yake samu bai wuce "Allah ya ba da lada" ba.

"Inna, tambayar farko da za a yi mini a filin jirgi ita ce, ke kika haɗa kayanki? Akwai wanda ya ba ki wani abu? In ce musu me?"

"Ki ce ke kika haɗa."

"In yi ƙarya ke nan."

"Ba ƙarya ba ce, kara ce. Makarantar taku ta lakkol ba a koya muku kara?"

Adawiyya ta ajiye jaka ta ɗauko almakashi. Ta ce duk abin da ba za ta buɗe ta gani da idonta ba, ba za ta ɗauka ba, kuma nama da nono da duk abin da aka yi da su ba sa shiga ƙasar da za ta. Hajjo ta dafe ƙirji tana kallon 'yarta tana farke salatif ɗin mutane ɗaya bayan ɗaya. Kafin magariba labari ya zagaye unguwa: 'yar Nomau ta buɗe saƙo.

Ana cikin haka Iya Baraka ta yi sallama. Maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su, 'yar siririyar dattijuwa da mijinta ya rasu shekarun baya. Ta shigo rungume da wata babbar roba mai murfi, naɗe cikin tsohon zane. Kowa ya san ta wa ce. Ɗanta ɗaya tilo, Rabilu, ya bi ta Agadas ya tsallake teku tun yana saurayi, yana can Beljik ba takarda. Ba ya iya zuwa, don in ya fito ba komawa. Ubansa ya rasu, a waya ya ji ana salatin ɗaukar gawa.

"Ɗiyata, ba nauyi gare shi ba," in ji Iya Baraka. "Dambun nama ne. Da hannuna na daka shi, yadda yake so, da citta da yawa."

Adawiyya ta durƙusa har ƙasa. Wannan matar ce ta goye ta lokacin da Hajjo ke kwance, ita ta yi mata kitson shiga makaranta.

"Iya, wallahi da da hali da na kai. Nama ba ya shiga ƙasarsu a jakar matafiyi, soyayye ne ko busasshe. Suna da karnuka masu shinshina. In suka same shi za su ƙwace, su tsare ni, kayan aikina ma su shiga matsala. Ki ba ni zane, ki ba ni hula, in ɗauki muryarki in kai masa har ɗaki. Nama ne kawai ba zan iya ba."

"Muryata kullum yana jin ta," in ji tsohuwar a hankali. "Ba ya cin ta."

Ta gyara zanen robarta ta fita. Hajjo ta bi ta da ido har ta ɓace, sannan ta juyo.

"Yau kin tsinka ni a unguwar nan."

* * *

Kayan aikin da Adawiyya ke magana a kai jini ne.

Alhaji Nomau, mahaifinta, dillalin shanu ne tun kafin a haife ta. Shekarun nan shanun da ake saukewa daga arewa suna zuwa da wani ciwo: saniya ta yi ɓari, gwiwarta ta kumbura, nono ya ja baya. Sai kuma mutanen da ke mu'amala da su, mahauta da makiyaya da dillalai, suka fara wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Shi kansa Nomau ya fi shekara yana fama. Da yamma jikinsa ya ɗau zafi, gumi ya jiƙa masa riga, gaɓoɓi su riƙe. An yi masa allurar zazzaɓin sauro har ya haddace sunayen magungunan, ba abin da ya sake.

Adawiyya likitancin dabbobi ta karanta, tana aiki a wani ɗakin bincike a unguwar Treichville. Ta yi zargin ciwon shanun da na mutanen abu ɗaya ne, amma zargi ba ya sa a ba da magani. Na'urarsu tana cewa "mai yiwuwa" kawai. Wani ɗakin bincike a Beljik ne ke iya faɗin ainihin irin ƙwayar, da maganin da ke kashe ta.

Da ta fara shiga kasuwar shanu da sirinji, korar ta aka yi. Dillalai suka ce jinin nan gwamnati za a kai wa, a rufe musu kasuwa. Nomau ne ya zauna a kan benci a gaban kowa, ya naɗe hannun riga ya ce, "Fara da ni. In an rufe kasuwa, ku zo gidana ku ci." Daga nan aka fara miƙo mata hannu, aka fara kama mata shanu. Ta yi kusan shekara biyu tana tarawa, cikin ruwan sama da kashin shanu. Yawancin shanun nan an daɗe da cinye su a maki-maki, gidajen abincin Abidjan. Abin da ya rage nasu shi ne ɗan abin da ke cikin kwalabenta.

Takardun kuwa sun kusa tsufar da ita. Izinin fitarwa daga nan, izinin shigarwa daga can, yarjejeniyar cewa jinin namu ne kuma sakamakon zai dawo mana, sai amincewar kamfanin jirgi. Ta ga wannan ofis, a tura ta wancan. Yanzu komai ya kammala, gobe da dare jirgi.

Bayan an idar da magariba mahaifinta ya kira ta. Yana kishingiɗe a kan darduma, lulluɓe da bargo a cikin zafin Adjamé.

"Gobe ki biyo da akwatin nan gida."

"Baba, doka ita ce daga ɗakin bincike sai filin jirgi."

"Na sani. Amma mutanen ga a kan maganata suka ba da jininsu. Har yau akwai masu cewa sayar da shi za a yi. Su gan shi da idonsu, mu yi mishi fatiha, ki wuce. Ko shi ma ba ki iyawa?"

Ta dubi hannunsa da ke kan bargo, ya rame har agogonsa na zamewa. Yarinyar da ta ƙi unguwa guda ta kasa ƙin mutum ɗaya. Ta ce za ta tambayi Madam.

* * *

Madam Akisi, shugabar ɗakin binciken, gajeriyar mace ce 'yar ƙabilar Baule, tabarau rataye a wuya, ba ta dariya a wurin aiki. Tun safe suka sa safar hannu suka fara shiryawa. Kowace kwalba an rufe ta an naɗe da auduga, an jera su a cikin wata gora mai murfin murɗawa. Gorar aka zaunar a tsakiyar farin akwati mai riƙe sanyi, aka kewaye ta da shuɗɗan faifan ƙanƙara, ƙasa da gefe da sama. A can ciki Madam ta maƙala wata 'yar na'ura mai koriyar fitila. Muddin sanyi bai yanke ba, koriya ce. In zafi ya shiga sai ta koma ja, kuma ba ta sake komawa.

Jami'in hukumar dabbobi ya zo ya duba kwalaben da takardu, ya rufe akwatin, ya zura wata rawayar igiyar roba mai lamba ta hancin murfin, ya ja har ta ƙulle. Ya rubuta lambar a kan izinin fitarwa ya buga hatimi.

Bayan ya tafi Adawiyya ta faɗi buƙatar mahaifinta, kanta a ƙasa. Madam ta daɗe tana goge tabarau. Ta san Nomau, ta san ba don shi ba da kwalba ɗaya ba su samu ba.

"Bai kamata in yarda ba," ta ce da Faransanci. "Amma ni ma ina da uba. Ki je. Kada ya bar idonki, ki dawo kafin rana ta faɗi, ni zan kai ki filin jirgi."

* * *

An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, dillalai sun cika ta da manyan riguna da ƙamshin turare. Aka ɗora farin akwatin a kan kujera 'yar tsugunno a tsakiyarsu. Alhaji Tukur, babbansu, ya zagaya shi yana leƙe.

"A wanga ɗan abu jininmu duka ya shiga? Ashe ba mu da yawa." Aka yi dariya. Sai ya gimtse fuska. "To in 'yan duwan masu binciken kaya suka buɗe suka zubar fa? Mun san halinsu, ko buhun albasa sai sun soka mishi ƙarfe."

"Ba mai buɗe shi, Alhaji," in ji Adawiyya, ta ɗaga murya don na baya su ji. "Kun ga wannan igiyar mai lamba? Da ita da takardun nan, ko duwan ba sa taɓa shi har sai ya isa inda za shi."

Na baya sun ji. Matan da ke bakin madafa ma sun ji.

Aka yi fatiha aka shafa. Nomau ya zauna a miƙe yau, fuskarsa har da haske, yana amsa "madalla" daga mutanen da suka taɓa ce masa ya sayar da su. Da aka watse ya ce wa 'yarsa ta je unguwar 220 Logements ta yi wa kakarta sallama, tsohuwar ta ce ba ta yafe ba in aka tafi ba ta tofa mata addu'a ba. Adawiyya ta sunkuya za ta ɗauki akwatin.

"Da jinin mutane za ki shiga gbaka ana ta turereniya?" in ji Hajjo. "Aje shi ɗaki mana."

Adawiyya ta dubi akwatin. Gaskiya ne, motocin nan a cushe suke, ga rana. Ta kai shi ɗakinta ta kulle, ta jefa makullin a jaka. Ta manta cewa a gidan nan babu ƙofar da uwarta ba ta da makullinta.

Ko kwanar layi ba ta sha ba Iya Baraka ta shigo da robarta. Ba ta roƙi komai ba. Ta zauna a kan turmi kusa da Hajjo, ta ɗora robar a cinya. Zaman nan ya fi roƙo nauyi. Hajjo tana tsince shinkafa tana tuna cewa matar nan ce ta dafa mata ruwan jego a duk haihuwarta, ita ta wanke mata 'yan biyunta da suka zo ba rai, lokacin da danginta duk suna Nijar.

"Na ji ta ce wancan ba a buɗe shi," in ji Baraka daga ƙarshe.

"Na ji."

"Karen ma ba ya zuwa kusa, tunda da hatimi."

"Baraka, ba ni iyawa. Kin san halin yarinyar ga."

Tsohuwar ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Shi ke nan, na gode. Ni ce ban san matsayina ba. Mai ɗiya da takarda da mai ɗa ba takarda ai ba ɗaya suke ba."

Maganar ta soki Hajjo har cikin ƙashi. Ta ture tiren shinkafa, ta kunce makullai daga bakin zanenta.

Ba muguwar mace ba ce, kada wani ya ce haka. Da bismillah ta sa reza, ta yanke igiyar ta can ƙarƙashin mariƙi, inda ba ta taɓa lambar ba. Suka ɗaga murfi, sanyi ya daki fuskarsu. Babu wurin sa ko cokali. Baraka ta ɗauki shuɗin faifai ɗaya ta girgiza kusa da kunne.

"Ruwa ne."

"Ruwa za ta kai Turai? Ƙasar da ƙanƙara ke zubowa daga sama?"

Suka kwashe na sama da na gefe. Gorar jinin kam Hajjo ba ta taɓa ta ba, ta ma gyara mata zama. Suka cusa robar dambun a gefenta, ta shige daidai kamar don ita aka yi wurin. Da ɗuminta, don da hantsi Baraka ta sake soya shi saboda kada ya lalace a hanya. Hajjo ta sa bakin wuƙa a garwashi har ya yi ja, ta haɗa bakin igiyar biyu ta liƙe, yadda ta saba liƙe bokiti da silifa. Ta hura, ta murza wurin ya koma ƙasa.

"In ta isa ta gani za ta yi faɗa," ta ce tana share gumi. "Faɗan kwana biyu ne. Ai dai Rabilu ya ci."

* * *

Da Adawiyya ta dawo ta tarar da ƙofa a kulle yadda ta bar ta. Ta duba lambar igiya, ita ce. Aka yi koke-koken sallama, Iya Baraka ta rungume ta fiye da kowa, har Adawiyya ta ji kunyar abin da ta yi mata jiya. Direban tasi ya ɗauki akwatin ya sa a but tare da jakarta.

Hanya ta cushe tun daga Roxy. A kan gada suka tsaya cik, rana na dukan motar, ruwan lagun, tafkin da ya ratsa garin, na ƙyalli a ƙasa. Wani ƙamshin citta da soyayyen nama yana ta zuwar mata, ta ɗauka a mayafinta ne, daga rungumar tsohuwa. Ta jingina kai da gilashi tana tunanin ranar da za ta dawo da sunan ciwon a takarda, ta karanta wa mahaifinta.

Rana ta yi ja lokacin da suka isa Treichville. Madam Akisi na jiran ta a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Ta karɓi akwatin daga hannun direba, sai ta tsaya. Ta ɗaga shi, ta sauke. Ta ɗora shi a kan teburin mai gadi ta sa tabarau, ta bi igiyar da yatsa har ƙarƙashin mariƙi. Ta ɗan ja kaɗan. Igiyar ta rabu biyu a hannunta.

Suka shiga ciki suka sa safar hannu da takunkumi. Da murfin ya ɗagu, ƙamshin dambu ya cika ɗakin da ba a taɓa shiga da ko biskit ba. Mai ya tsatso ta bakin robar ya ɓata audugar. 'Yar fitilar tana nan a maƙale inda aka sa ta, ja wur.

Adawiyya ta gane zanen. Ta zauna a ƙasa.

"Yako," in ji Madam, kalmar jaje ta mutanen nan. Muryarta ba faɗa a ciki, kuma hakan ya fi ciwo.

"Madam, 'yan awoyi ne kawai. Mu sake sa ƙanƙara. Wataƙila ba su lalace ba."

"Wataƙila. Za ki sa hannu ki ce sanyi bai yanke ba? Igiyar fa, lambarta ce a kan izini, kuma ta tsinke. Ko mun roƙi jami'in ya sake rufewa, sai mun gaya masa dalili. A ce ma duk mun yi ƙarya mun wuce, su can su gwada jinin da ya yi ɗumi su ba mu amsa. A kan wannan amsar za ki ba mahaifinki magani?"

Adawiyya ta rufe fuska da hannu. Ga baƙin ciki, ga haushin uwarta, ga na tsohuwa, ga nata na kanta da ya fi duka, don ita ta ce ba a buɗewa, ita kuma ta juya baya.

"Dole in rubuta rahoto," Madam ta ci gaba. "Da sunana a ciki, don ni na ba ki. Wannan naman kuma ba zai koma hannun kowa ba. Ya kwanta kusa da jinin da muke zargi."

Adawiyya da kanta ta ɗauki gorar da robar zuwa tanderun ƙona shara da ke bayan ginin. Kwalbar farko a jere ta san ta ko ba ta duba lamba ba, ta mahaifinta ce. Mai kula da tanderun ya rufe ƙofar ƙarfen, ya ce kai, wannan sharar tasu ta yau da ƙamshi take. Adawiyya ta kashe wayarta, ta kwana a ɗakin masu jiran aiki.

* * *

Da hantsi ta sauka daga gbaka tana jan jakarta. Mai sayar da garba, abincin rogo da kifi, na bakin layi ya bar soya kifi ya bi ta da kallo. A bakin famfo ta ci karo da Iya Baraka tana tarar ruwa.

"A'a! Ɗiyata, jirgin bai tashi ba?"

"Ya tashi, Iya."

Tsohuwar ta dubi jakar, ta dubi ɗaya hannun da babu komai. Bokitinta ya cika yana zuba ba ta kula ba.

"Saƙon fa? Na gaya wa Rabilu ya je ya tare ki."

"An ƙone shi."

Iya Baraka ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Mata suka firfito daga gidaje, wasu da ludayi a hannu. An ƙone saƙo! Saƙon marainiyar Allah, da ta hana cikinta ta sayi nama! Ba ta kai ba, ba ta maido ba, ta sa an ƙone! Wata ta ce dama tun da ta sa almakashi a kayan mutane ta san za a rina. Adawiyya ta ratsa ta tsakiyarsu ta shige gida. A cikin su duka ba wadda ta tambayi jinin.

Ɗakin mahaifinta a rufe yake da labule. Zaman jiya ya tayar masa da zazzaɓin, yau bai ma jira yamma ba. Yana kwance rigingine, leɓɓansa sun bushe. Hajjo na zaune a gefensa. Ta ji kukan waje, ta ga 'yarta a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai ba ta ɗago ba.

Nomau ya buɗe ido da ƙyar.

"Ke ce? Ina akwatin?"

Ta durƙusa kusa da shi. Duk hanya tana shirya maganar da za ta faɗa a gaban uwarta, mai zafi, wadda za a daɗe ana jin ta. Da ta ga Hajjo a sunkuye, sai ta haɗiye maganar.

"An samu matsala, Baba. Sanyi ya yanke. Jinin ya lalace."

"Duka?"

"Duka."

"Har nawa?"

Ta gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Mi zan ce ma Tukur?" ya ce, ba da kowa yake ba.

Sai a lokacin ta lura da abin da ke kan goshinsa. An naɗe shi da ɗankwali, amma gefensa ya leƙo, shuɗi: faifan ƙanƙarar akwatinta ne. Wasu biyu na cikin kwano a ƙasan gado, suna gumi.

Hajjo ta cire wanda ya narke, ta ɗauko wani daga kwanon. Ta yi ta ƙoƙarin naɗe shi, ɗankwalin na zamewa.

"Sun fi tsumma da ruwa," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Ba su saurin yin ɗumi."

Adawiyya ta karɓa daga hannunta ta naɗe, ta ɗora wa mahaifinta a goshi ta riƙe. A waje Iya Baraka na ta kiran sunan ɗanta. Ruwan sanyi ya gangaro ta gefen idon tsohon, ya shige cikin kunnensa.